Jan Shayin Tsoho Wu

Shekara ashirin da bakwai ina kan teburin nan,
bakin Kwari, inda dila ke gogar dila.
Na san mai son sukari cokali uku,
na san mai cewa a rubuta, sai ciniki ya faɗa.
Ni Inuwa mai shayi, na ɗauka
ganye ba shi da sauran labarin da zai ba ni.

Sai ga tsoho Wu, mai atamfa a layin baya.
Kullum in ya zo wucewa yakan tsaya
ya ga ina zubo shayi daga sama kamar igiya,
ya yi murmushi.
Amma da na kai hannu ga gwangwanin madara
sai ya kau da kai, kamar an yi masa rasuwa.

Wata Laraba ruwan Agusta ya kulle kasuwa,
kwata ta tumbatsa, 'yan dako duk sun fake,
ya shigo rumfata da ƙunshi a hammata:
butar yumɓu da ba ta kai dunƙulen hannu ba,
kofuna biyu kamar ɓawon ƙwan zabuwa.
Na ce, "Wannan ai kayan 'yar tsana ne."

Ganyen murɗaɗɗe, da ɗan ratsin zinariya.
Na ce baƙi ne. Ya ce ja.
Muka yi ta musu da Hausarsa mai ɗingishi
har ruwan zafi ya raba gardama.
Ja ne wur,
kamar fatar akuya a hannun dukawa.

Ruwan farko ya sheƙar a ƙasa.
Na dafe ƙirji, almubazzaranci ido na gani!
Ya ce ganyen ya sha doguwar hanya,
baƙo kuwa sai ya wanke fuska kafin ya yi magana.

Na biyu hayaƙi ne,
ba na gawayina ba, na wani icce a dutsen garinsu
mai ganye kamar allura.
Na uku ya zo da gasasshen dankali,
irin wanda Iya kan tono mana daga toka
mu riƙa jefa shi hannu zuwa hannu.
Na huɗu zuma ce can ƙasan maƙogwaro,
ba ta fitowa sai ka haɗiye, sai ka daina nema.
Na ce, "Ina ka ɓoye sukarin?"
Ya yi dariya har tabaransa ya zame.

Ya koya mini ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu
in an zuba maka; godiya ke nan, baki ya huta.
Ni kuma na ba shi nawa mai citta da kanumfari,
ya kurɓa, ya yi tari, ya share ƙwalla,
ya ce, "Madalla."

Bara ya tafi. Gwiwa ta ƙi, 'yarsa ta yi ta kira.
Shagon yanzu wani yaro ɗan Fagge ne ke sayar da leshi.
Butar ya bar mini, cikinta ya yi duhu don shekaru,
ya ce kada sabulu ya kusance ta,
tana riƙe da duk shayin da ta taɓa sha.

Yanzu bayan Asuba, kafin mai burodi ya iso,
kafin a fara "Inuwa, haɗa mini mai kauri,"
nakan ɗan tsunkuli ganyen in ɗora ruwa.
Gwangwanin ya kusa nuna gindi.
Gambo dillali ya ce akwai irinsa a wani kanti a Bompai.
Ban je ba.

Nakan zuba har na shida, har na bakwai,
har ruwan ya kusa komawa ruwa.
Kofi biyu nake jerawa, hannu ya riga ya saba.
In sha nawa, ɗayan ya huce.

Jiya na tsinci yatsuna biyu
suna ƙwanƙwasa katako,
alhali ni na zuba,
kuma ba kowa a benci sai kyanwar mai gadi.